Tsumagiyar Inna Daga Bakin Gulbi

Ranar da Inna, kakar mijina, ta cika, sai da anka ɗaga murya kafin ɗanta ya ji. Baba, mahaifin mijina, kunnensa na hagu matacce ne tun yana yaro, na daman kuma tsufa ya fara cin sa. Yana zaure yana ɗinkin taru, mijina ya durƙusa gabansa ya faɗa masa a hankali, yadda ake faɗin mutuwa. Baba ya ce, "Mi?" Ya sake faɗa. Baba ya ce, "Mi kac ce?" Sai da mijina ya kafa baki a kunnensa ya yi ihu, "Inna ta rasu!" Mu da muke cikin gida munka ji, maƙwabta sunka ji ta bisa katanga. Haka unguwarmu ta samu labari, ba a aiki kowa ba.

Mijina ya ce Baba bai yi kuka ba. Ya yi salati, ya ajiye tarun, ya kai hannu ya dafe kunnen nan na hagu wanda ba ya jin komai, ya daɗe a haka.

Kafin azahar an kai ta. Daga nan mutane sunka fara zuwa, na nan Taloka, na Boyekai, dangin da ke Wurno, da 'yan uwanta na Rabah inda anka haife ta. Abin da ya ba ni mamaki, kusan duk wanda ya zauna ya gama addu'a, maganar bulala yake ɗaukowa. Wata maƙwabciyarmu ta share hawaye ta ce, "Yau kam ɗiyan gidan ga sun huta." Wata tsohuwa da ke gefenta ta ce, "Sun huta, ko sun shiga uku?" A zaure kuma, in ji mijina, wani dattijo mai furfura da ya tashi a gidan nan ya naɗe ƙafar wando yana nuna wa mutane ƙaurinsa, wai nan ta zane shi ranar da ya saci ƙwan zabin maƙwabta. Anka yi dariya, shi ma ya yi, sannan ya rufe fuska da hula.

Ni kuwa na yi kukan da har surukata, uwar mijina, ta dube ni ta ce, "Ke, ya isa hakanan. Mu da munka zauna da ita tun kahin a haihe ki mi za mu yi?" Ba ta san kukana kashi biyu ba ne. Ina kukan Inna, ina kuma kukan tsoro. Ina da yaro, ɗan fari, bai kai shiga makarantar boko ba, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Ubansa mutumin kirki ne, ba ya barinmu da yunwa, amma hannunsa ya fi bakinsa sauri. Ni kuma a al'adarmu ba ni da bakin magana a kan ɗan fari. Ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa gaban surukai, in ana dukansa kawar da kai nake yi kamar ɗan wata ne. Abin da ke tsakanin yaron nan da hannun ubansa, Inna ce kaɗai. Ita ce anka ɗauka a makara.

Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na gani nata, yadda na iya. In yaron ya girma ya karanta, ya san wadda ta riƙa zane masa ƙafafu, ya kuma san dalili.

Inna kakar mijina ce. A gidajen da na sani, kaka abokiyar wasa ce, wurinta yaro ke gudu ya ɓuya. A gidanmu na Sisawa kuwa, duk wanda yaro ya ɓata wa rai da abin da ke hannunsa yake ramawa, muciya ce, takalmi ne, igiyar guga ce. Haka na tashi, haka na ɗauka ake yi ko'ina. Da anka kawo ni gidan nan sai na iske abin a juye. Tsohuwar gidan ita ce mai duka, kuma ita kaɗai. Uwa ko uba, baffa ko gwaggo, ba mai ɗaga wa yaro hannu. In ya yi maka laifi, wurinta za ka kai ƙara. Za ta saurare ka har ka gama, tana tsinkar zogale ko tana jan tasbaha, sannan ta ɗago kai ta ce, "To na ji. Ina giyayyarka?"

Akwai wata bishiyar giyayya a bakin gulbi, can bayan gonakin albasa, inda masunta ke ɗaure jirage. Daga ita kaɗai Inna ke karɓar tsumagiya, kuma wanda aka ɓata wa rai shi zai je ya karyo da ƙafarsa. Ga dogon yaro a ƙofar gida, rassansa har suna taɓa katanga. Ina amarya na taɓa tambayarta, na ce, "Inna, shi wannan na ƙofar gida mi ya hana?" Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "'Yar tudu, wanga ya yi kusa." Haka take kirana, 'yar tudu, don garinmu ba gulbi, sai gero da dawa. Ban gane amsar ba sai da na zauna na ga yadda abin ke tafiya.

Namiji zai fita yana huci kamar zai ci mutum. Rana ta dake shi, ya ratsa fangalan albasa, ya gamu da wani su tsaya maganar taki ko ta injin ban-ruwa. Wani ya dawo da tsumagiyar a hannu yana jin nauyinta, wani ya dawo hannu biyu ya wuce ɗaki ba tare da ya dubi ƙofar Inna ba. Mu mata da ba mu fita, sai mu ba masu tafiya fadama saƙo da safe, ba za a kawo ba sai la'asar. Sau da yawa kafin lokacin kin manta, ko kunya ta kama ki a ce don an zubar miki da ruwan tulu kin sa an ɗauko bulala tun daga gulbi.

In kuwa tsumagiyar ta iso, ba wasa. Za ta karɓa ta jujjuya ta. In ta yi kauri ta jefa wa mai ita ta ce, "Wagga ta jaki ce, koma." In ta yi mata, ta zage ganyen, ta kira yaron ta tsayar da shi gabanta ta ce, "Mi ka yi?" Ba ta taɓa shi sai ya faɗi laifinsa da bakinsa. Sannan ta zane masa ƙauri, daga gwiwa zuwa ƙasa, yana tsalle tana riƙe da hannunsa. Tana gamawa ta karya tsumagiyar ta cusa a murhu. Ta kan ce, "Bulala ba ta kwana gidana." Wanda ya sake jin haushi gobe, gulbi na nan inda ya bar shi.

Yarona ango take ce masa, irin wasan kaka da jika. Da safe in ya leƙa ɗakinta ta ce, "Ango, ina cehwane? Haka ake aure, a zo hannu wohi?" Shi kuma ya ce, "Ni ba ni son tsohuwa, ba ki da haƙora." Ta ce, "Naka nawa na?" Ta ba shi ɗan dabino ko ƙanzon tuwo. Da la'asar kuma, in ta kama, ita ce za ta zane shi. Bai taɓa ƙin komawa ɗakinta ba. Ni abin ya daɗe yana ɗaure min kai.

Na tuna wata rana yaron ya ɗauki wayar ubansa ya tsoma a kwanon fura. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ga mijina ya yi kansa, hannu sama, tafin a buɗe, daidai fuska. Surukata na nan zaune, ba ni da ikon ko tari. Inna na bakin ƙofarta, ko tashi ba ta yi ba.

"Kai! Sauke."

Hannun ya tsaya a sama. Ya ce, "Inna, ɗana na hwa."

"Kai ma ɗan wani na. Ka taɓa jin hannun ubanka bisa huskarka?"

Ya sauke hannun.

"To ina giyayyarka?"

Ya fita yana ƙunƙuni. Bai dawo ba sai gab da magariba, ba tsumagiya, sai tarwaɗa a igiya, wai ya iske abokinsa ya fito daga ruwa. Inna ta ce, "Wagga bulalar kam a dahwa ta da yaji." Har surukata sai da ta yi dariya.

Amma ba zan ce kullum daɗi munka zauna da ita ba. Bakinta na da kaifi, kuma akwai ranar da na ƙi ta har cikin raina.

Damina ce, gulbi ya kawo. Yaron ya sulale ya bi manyan yara bakin ruwa, ya faɗa ciki. Wani masunci maƙwabcinmu ne ya tsamo shi, ya kawo shi a kafaɗa, ruwa na zuba daga rigarsa. Ya ce Allah ne ya sa yana kusa. Ranar ba wanda ya kai ƙara. Inna ta dubi yaron. Ta ce a sa shi ɗakinta kada ya fita. Ta ɗauki sandarta ta yafa mayafi. Mijina ya ce bari shi ya je ya karyo, ta ce, "Kai aka ɓata ma rai ko ni?" Dokar da ta kafa wa mutane ba ta tsame kanta ba. Tsohuwar da ko masallacin Idi ba ta iya zuwa da ƙafa, ita ta kama hanyar gulbi cikin taɓo. Baba ya bi ta a baya, nesa kaɗan.

Ta daɗe ƙwarai. Duk tsawon lokacin yaron na ɗakinta yana jira, ina jin shessheƙarsa daga inda nake, ba ni da ikon shiga. Da ta dawo, zanenta duk laka, ta huta, ta sha ruwa, ta kira shi. Ashe ya yi fitsari a wando don tsoro. Ta tambaye shi abin da ya yi, ya faɗa. Ta zane shi zanen da ban taɓa ganin ta yi wa wani yaro ba. Ina bayan rumbu na cusa bakin zane a bakina. Washegari ƙafafunsa sunka kumbura, tafiya ma da ƙyar.

Ni ke kai mata kunu da safe. Daga ranar sai na riƙa ajiyewa a bakin ƙofa, in gaishe ta daga waje in juya. Ta ƙyale ni na ɗan lokaci. Wata safiya ta ce, "'Yar tudu, shigo."

Na shiga na durƙusa.

"Hushi kike da ni."

"A'a, Inna."

"Ƙarya kike. Kunun ma hushi shikai, ba tsami ba zaƙi."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. Na ce, "Inna, ƙafafunsa sun kumbura. Kuma kin bar shi yana jira har ya yi fitsari."

Na zaci za ta zage ni, don ban taɓa yi mata maganar yaron ba. Ta murza gwiwarta. Can ta ce, "Kumburi kam zai sace. Da ruwan ga ya tahi da shi, mi za ki shahwa ma magani?" Sannan ta ce, "Jiran kuwa, kin yi gaskiya. Ƙahwata ce ba ta da sauri. Ban yi tunanin wanga ba."

Na sunkuyar da kai.

"Kin ga na taɓa kainai?"

"A'a."

"Kin ga na taɓa kunnenai?"

"A'a, Inna."

"To ji nan. Ranar da kika ga wani ya nuhi kan yaron ga, ko wa na, kada ki tsaya kunya."

Na ce, "Inna, ɗan fari ne."

Ta ce, "Ni za ki gaya ma ɗan hwari?" Ta juya fuska wajen bango. Na ɗauki kwanon jiya na fita.

Da yamma na ga ta zaunar da shi a tabarmarta tana shafa masa man kaɗanya a ƙauri, tana ce masa, "Ango, in ka mutu cikin gulbi wa zai aure ni?" Har yau ban ce dukan ranar nan bai yi yawa ba. Ya yi yawa. Amma tun daga ranar, ko tulu aka aike shi ya leƙa sai ya ja da baya.

Akwai kuma yadda take da Baba. Shi ne ɗanta na fari, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "wancan na zaure". Gemunsa fari fat, amma in an dafa kifi sai ta tsame mai tsoka ta zare ƙayoyin ta ce a kai zaure, kada a ce daga ita ne. In za ta yi masa magana ba ta ɗaga murya kamar sauran mutane. Zagayawa take yi ta damansa ta matso kusa. Kuma da yake ba ya jin kiran salla, ana fara kira za ta tashi da sandarta ta je ta girgiza labulen buhun da ke ƙofar zaure ta ciki har sai ya gani. Ba ta taɓa aiken wani ba. Na ɗauka tausayin uwa ne kawai.

Ciwonta bai ja ba. Zazzaɓi ne na ƙarshen damina, ya kwantar da ita, abinci ya ƙi shiga. Anka kai ta asibiti anka dawo da ita. Ana gobe za ta rasu yaron ya shiga ya tsaya a kanta. Ta buɗe ido ta ce, "Ango, za ka yi min takaba?" Ya ce, "Mi ne takaba?" Matan da ke ɗakin sunka yi dariya da hawaye. Ta laluba ta kama kunnensa, ba ja ba, riƙewa kawai ta yi, ta daɗe ba ta saki ba. Da hantsi washegari ta cika.

Ranar sadakar uku ne na ji sauran labarin. Ƙanwar Inna ta zo daga Rabah, tsohuwa ce ita ma, idonta ya kusa tafiya, amma bakin irin na yayarta ne. Mata sun cika tsakar gida, an koma maganar giyayya, kowa na kawo nata. Sai ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Kuna ta giyayya, giyayya. Kun san mahwarinta?"

Surukata ta ce, "Gwaggo, a bar wagga magana."

"A bar ta ma wa? Mai ita ta tahi, ni ma ina hanya."

Ta ce lokacin Inna na yarinya, da ɗanta ɗaya, bai daɗe da yaye ba. Anka yi suna a gidan nan, dangin miji mata sun cika tsakar gida kamar yau. Yaron ya tsorata da taro, ya rugo ya rungume ƙafar uwarsa yana jan zanenta, yana kuka ta ɗauke shi. Mata sunka fara dariya, wata ta ce a zo a ga mai son ɗa, ɗan fari ma ba ta iya kawar da kai. Kunya ta rufe ta. Don ta nuna musu ba haka take ba, ta kwashe shi da mari a kunne, ya faɗi ya bugu da turmi.

"Ina wurin," in ji tsohuwar. "Kun san mi anka yi? Yabonta anka yi. Anka ce wagga ɗiya da kunya take, an yi mata tarbiyya. Kahin gari ya waye kunnen na jini, daga baya ya koma ruwa. Shi ke nan. Ga shi can zaune zaure da hurhura, ana yi mai ihu kahin ya san uwatai ta mutu."

Surukata ta sunkuyar da kai, na gane ta daɗe da sani. Ni na tashi na zagaya bayan rumbu, wurin nan da na taɓa tsayawa, na zauna a ƙasa. Shekara da shekaru Inna tana tashi da sanda tana girgiza labulen buhu sau biyar a yini, ina kallo, ban san abin da nake kallo ba.

Bayan an yi bakwai baƙi sunka watse. Anka rufe ɗakin Inna. Gidan ya koma yadda yake, sai dai an kira salla ranar farko Baba na zaune yana ɗinki bai sani ba, sai da mutane sunka fito masallaci.

Lokacin yayyafin albasa ne. Mijina na da irin da ya tara tun rani, ya adana a gora, bai yarda da na kasuwa ba. Ranar ya fito da shi ya shanya a faifai ya sha iska, ya tafi gyaran injin ban-ruwa. Ina ɗaki ina ba ƙaramar ɗiyata, ƙanwar yaron, nono. Ashe yaron ya ja fangalai ƙanana a cikin yashin tsakar gida, irin yadda yake gani a fadama, ya kwashe irin nan kaf ya watsa, ya bi da buta ya shayar, ya tattake da ƙafa. Noma yake yi. Har kirana ya yi in zo in gani.

Ina fitowa ubansa na shigowa, da guntun tiyon inji a hannu, baƙi mai kauri. Ya dubi faifan, ya dubi yashin. Surukata na zaune tana sussukar gero. Baba ya shigo neman ruwan alwala, yana tsaye bakin randa.

Na dubi ƙofar Inna. Wallahi na dube ta, ina jiran a ce "sauke". Ƙofar na rufe.

Tiyon ya sauka a wuyan yaron, bakin tiyon ya haɗa da kunne. Yaron ko kuka bai iya ba, ya buɗe baki kawai. Hannun ya sake tashi.

"Ina giyayyarka?"

Muryata ce. Ta fito da ƙarfi har ƙaramar da ke hannuna ta firgita. Ban taɓa ɗaga wa mijina murya ba, balle gaban uwarsa da ubansa, balle a kan ɗan fari. Na taka na shiga tsakaninsu, yaron ya ƙanƙame zanena ta baya, ban ture shi ba.

Mijina ya ce, "Mi kika ce?"

Na ce, "Gidan Inna ne. Ina giyayyarka?"

Surukata ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "La'ilaha illallahu. Yau na ga rashin kunya. Ɗan hwari? Gaban ubanai?"

Mijina ya tsaya yana dubana, idonsa jajir. Na zaci ni zai sauke wa. Can ya jefar da tiyon ya fita.

Ba wadda ta yi min magana a gidan har la'asar. Wuyan yaron ya tashi, layi ɗaya baƙi har bayan kunne. Na shafa masa man kaɗanyar da ya rage na Inna. Ya ce min, "Kunnena na kuka."

Rana ta yi sanyi mijina ya dawo, taɓo har gwiwa, da tsumagiya siririya a hannu. Bai dubi kowa ba. Ƙafarsa ta kai shi ƙofar Inna yadda ta saba, ya tsaya gaban rufaffen ɗaki da bulala, bai san wa zai miƙa wa ba. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

Baba ne ya taso. Bai ji ko kalma ɗaya cikin abin da anka faɗa ranar ba, amma ya gani. Ya karɓi tsumagiyar, ya jawo yaron, ya juya kansa ya duba wuyan da kunnen, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya karya ta biyu ya cusa a murhun da nake dafa tuwo. Ya ce da ɗansa, da irin babbar muryar nan ta wanda ba ya jin kansa, "Wanga ya riga ya sha nashi." Ya ɗauki butarsa ya koma zaure.

Ban san ko gobe in na sake tambaya mijina zai sake tafiya ba. Ni ba Inna ba ce, ba ni da furfurarta. Tiyon na nan rataye a jikin rumbu, surukata har yau amsa gaisuwata take yi a taƙaice, kuma maganar ta kai Sisawa, uwata ta aiko a gaya min na ba ta kunya.

Amma ba wannan ne ya hana ni sukuni ba, kunnen ne. Washegari da safe yaron na tsugune yana tsintar baƙaƙen ƙwayoyin irin nan daga cikin yashi yana sawa a murfin kwano, wai zai mayar wa babansa. Ya ba ni baya, kunnen da anka daka na wajena. Na so in san ko yana ji da shi. In na ce "kai" da ƙarfi, ɗayan kunnen zai ɗauka. In na yi a hankali, "kai" na kowa ne, ba lallai ya juyo ba. Abu ɗaya ne na san yaro ba ya ƙin juyowa in ya ji.

Na matsa bayansa, na duba ba kowa kusa. Na kira sunansa, can ƙasa, kamar mai raɗa. Tun ranar da anka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakina ba.

Ya ɗago kai. Ya dubi ƙofar Inna tukuna, ya dubi wajen zaure, yana neman mai kiran. Sannan ya waiwayo ya gan ni. Ya ce, "Ke ce?"

Na ce, "Ni ce."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya yana sanarwar wata jana'iza a unguwar gabas. Ta ƙofar zaure ina hango Baba, kansa a sunkuye kan taru, bai ɗago ba. Na saɓa ƙaramar a baya, na je na kama labulen buhun na girgiza har ya gani.

Allah Ya jiƙan Inna. Ya yafe mata marin nan guda, Ya duba tafiyar da ta sa mutane sunka yi zuwa bakin gulbi, da wadda ta yi da ƙafarta. Ya sanyaya mata makwanci, mu kuma Ya riƙe mana hannuwanmu.